Koren Katin Amurka da Mai Daɗewa a Gida

A cikin takardun da Edita ya miƙo mini makon jiya akwai wata daga wani malamin makaranta, wanda ya roƙa kada a ambaci sunansa ko na garinsu. To, ba za a ambata ba. Takardar tana da tsawo ƙwarai, amma ga gindin maganarta. Malamin nan ya sami iznin zama a Amurka cikin shekarar 2012 ta hanyar ƙuri'ar nan da mutane ke kira cacar biza, ya tafi da matarsa da 'ya'yansa biyu, ɗaya na tatata ɗaya na goye, ya kama aiki a birnin Nuyok. Wata 8 ke nan da aka aika masa cewa mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya kwaso iyalinsa ya zo jinya. Tsohuwa ba ta miƙe ba har yanzu. Yana nan zaune sai wata makaranta ta garinsu ta yi masa tayin aiki mai daraja, zuciyarsa kuwa ta karkata. Abokansa suka ce masa abin ai mai sauƙi ne, ya karɓi aikin, ya riƙa leƙawa Amurka sau ɗaya duk wata shida, ya yi mako biyu ya komo, katinsa na nan daram. Tambayarsa ita ce, shin gaskiya ne?

Malam, da farko ina yi wa tsohuwa fatan samun lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Na biyu kuwa, ba gaskiya ba ne. Na zaɓi in amsa maka a bainar jama'a domin na san ba kai kaɗai ke riƙe da wannan zance ba, na sha jinsa a bakin mutanenmu na Kano da Damagaram da zangon Kumasi, kowa na faɗinsa da ƙarfin zuciya sai ka ce shi ya rubuta dokar. Ni dai ba lauya ba ne, amma na riƙe katin nan shekaru, ya kuma taɓa sa ni gumi, kamar yadda za ka ji a gaba.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka. Katin nan da a ke kira girin kad, watau koren kati, shaida ce ta cewa Gwamnatin Amurka ta yarda wa baƙo ya zauna ƙasar, ya yi aiki, ba tare da an yanka masa ranar fita ba. Shi katin kansa a kan sabunta shi duk shekara 10, amma iznin ba ya ƙarewa don katin ya tsufa. Wannan ne ya sa a ke ce masa iznin zama na dindindin, kalmar dindindin ɗin nan kuwa ita ke ruɗin mutane. Suna ɗauka abu ne kamar takardar shaidar makaranta, in ka samu sai ka sa a akwati, ko bayan shekara ashirin ka ɗauko tana nan yadda ka bar ta. Alhali kuwa ya fi kama da gonar da dagaci kan ba baƙo a ƙauye. An ba ka ne domin ka zauna ka noma. Muddin kana gari kana shiga gonar, ba mai taɓa ka, ko da ka tafi cin rani ka dawo. Amma in ka kwashe iyalinka ka koma wani gari, kana zuwa sau ɗaya a shekara ka tsaya bakin kunya ka kalli ciyawa ka juya, ai kowa ya san ka tashi, dagaci kuwa ba zai daɗe ba zai ba wani.

To, ina zancen wata shida ya samo asali? Ba daga sama ya faɗo ba. Cikin dokar shige da fice da aka gyara a 1996 an ce mai kati in ya yi fiye da kwana 180 a jere a waje, sa'ad da ya komo za a ɗauke shi kamar mai neman shiga sabo, watau ma'aikacin bakin iyaka yana da iko ya bincike shi da dukkan sharuɗɗan da a ke bincikar baƙo. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, cewa in mutum ya cika shekara guda a waje, katin ba ya isa takardar shiga, har jirgin sama ma yana iya ƙin ɗaukarsa. Mutane suka ji waɗannan biyu, suka gama su, suka fitar da hukuncin kansu, wai wanda bai cika wata shida ba ya tsira. Amma fa waɗannan ƙa'idodi na bakin ƙofa ne kurum, suna faɗin yadda za a karɓe ka in ka iso. Akwai wata tambaya a bayansu wadda ba ta ƙidayar kwanaki, ita ce ina gidanka na ainihi ya ke. Wanda aka ga ya mai da zamansa wata ƙasa, a kan ce ya yi watsi da izninsa, ko da bai taɓa cika wata shida a waje ba.

Ba da baki na ke faɗin wannan ba, an yi shari'a a kai. Cikin shekarar 1975 hukumar ɗaukaka ƙara ta al'amuran shige da fice ta yanke hukunci kan wata mata mutuniyar Jamaika, shari'ar da lauyoyi ke kira ta Kane. Matar nan tana da katin, amma wata 11 na kowace shekara a Jamaika ta ke yinsu, inda ta ke da gidan haya tana cin abinci da shi, sa'an nan ta zo Amurka ta yi wata guda don kada katin ya mutu. Ba ta taɓa cika shekara a waje ba. Duk da haka aka ce ta rasa izninta, gama gidanta da sana'arta duk suna Jamaika, zuwanta Amurka ziyara ce. Malam, ka dubi shawarar abokanka, ka dubi labarin matar nan, ka gaya mini bambancinsu.

Kada kuwa ka ce dokar ba ta da tausayi, domin ga kishiyar wannan. A 2003 wata babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yammacin Amurka ta duba ƙarar wani mutumin Iran mai suna Khodagholian, wanda a wata tafiya ya koma ƙasarsu yana jinyar mahaifiyarsa da ke ciwon ajali, yana kuma kula da marayun da aka bari a danginsu, a wata tafiyar kuma ya yi wata 15. Ma'aikata suka ce ya yi watsi da izninsa. Kotu ta ce a'a, gama tafiyarsa tana da dalili mai iyaka, ba a kuwa nuna ya taɓa sauya niyyarsa ta komawa ba. Ka ga mai wata 11 ta faɗi, mai wata 15 ya ci. Abin da alƙalan can ke dubawa shi ne, ko tafiyar tana da ranar ƙarewa sananniya, ko kuwa ta rataya ga wani al'amari da a ke sa ran zai ƙare ba da daɗewa ba, kamar karatu, ko jinya, ko rabon gado, sa'an nan mutum yana riƙe da niyyar komawa tun daga ranar fita har ranar dawowa, ba ta yanke ba.

Saboda haka jinyar da ta kawo ka hujja ce mai ƙarfi, ba wanda zai raina ta. Aikin nan da aka yi maka tayi shi ne ramin. Ranar da ka sa hannu a takardar aiki na dindindin a gida, ran nan ka rubuta wa kanka shaida cewa ka sake mazauni. Niyya a zuci ta ke, ba mai ganinta sai Allah, don haka ma'aikaci ba ya tambayar zuciyarka, sawunka ya ke bi. Ina ka ke aiki? Ina matarka ta ke kwana? Wace makaranta yara ke zuwa? Ɗakin da ka ke haya a can, ka sake shi ko kana biya? Ajiyarka ta banki tana motsi? A takardarka ba ka gaya mini ko ka saki ɗakin ba, na kuwa so in sani.

Ni kaina wata shekara rasuwar mahaifinmu ta riƙe ni a gida wata 7, ga rabon gado, ga ƙanne mata da ba a aurar ba. Da na koma, na miƙa fasfo da kati, ma'aikacin ya duba ya sake dubawa, ya ce in bi wani. Aka kai ni wani ɗaki na ciki mai kujeru a jere, na tarar da mutane sun yi jugum kamar gidan makoki. Na yi kusan sa'a uku kafin a kira ni. Tambayoyin da na lissafa maka a sama, su ɗin nan aka yi mini, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya cece ni kuwa wata tsohuwar ambulan ce da maiɗakina ta tilasta mini ɗauka, ina ta gunaguni. A cikinta akwai takardar hutun da wurin aikina suka ba ni, da rasiɗin kuɗin haya, da takardar haraji ta shekarar da ta gabata, da shaidar rasuwa. Mutumin ya karanta, ya yi mini ta'aziyya, ya buga hatimi, ya ce in zan sake daɗewa haka in nemi izni tukuna. Tun ran nan ban ƙara yi wa ambulan gunaguni ba.

Maganar haraji tana bukatar a tsaya a kanta, domin nan ne masu ilmi ma kan yi tuntuɓe. Mai koren kati ana lissafa shi cikin masu biyan harajin Amurka a kan dukkan abin da ya samu, ko a ina ya same shi, ko da a kasuwar Kurmi ne. Ba lalle ne a ce sai ya biya wani abu ba, gama akwai rangwame ga wanda ya riga ya biya a wata ƙasa, amma wajibi ne ya cika takardar shekara in samunsa ya kai haddi. Wadansu kuwa, don neman sauƙi, sai su cika takardar da aka tanada domin baƙin da ba mazauna ba. Wanda ya yi haka ya faɗa wa Gwamnati da alƙalaminsa cewa shi ba mazaunin Amurka ba ne, za a kuwa ɗauko takardar a nuna masa ranar da ya zo yana rantsuwa cewa can ne gidansa.

Yanzu ga abin da na ke ganin ya kamata ka yi, in dai kana son katin. Wata 4 suka rage maka kafin shekara ta cika, kada ka bari ta cika, kada ma ka kusance ta. Ka sami wanda zai riƙe tsohuwa na ɗan lokaci, ka karɓi takardar likita mai nuna irin ciwon da ranar da ya fara, ka koma. Da isarka ka nemi takardar iznin komowa, wadda a ke cika fom mai lamba I-131 dominta. A tsarin kuɗin da aka fitar a 2024 dala 630 ne. Sharaɗinta babba shi ne sai kana cikin Amurka za ka shigar da ita, ba a nema daga waje, wannan ne ya sa na ce sai ka koma. Za a kira ka a ɗauki hoton yatsunka, bayan wannan kana iya tafiya, ka roƙa a aiko maka da ita ofishin jakadancinsu. Tana aiki har shekara 2, ba a kuwa ƙara mata kwana, sai dai a koma a nemi sabuwa. Wanda ya yi fiye da shekara 4 a waje cikin 5 da suka wuce, ta shekara guda a kan ba shi. Amfaninta shi ne, muddin tana da rai ba za a ce ka yi watsi da izninka saboda tsawon kwanaki kaɗai ba. Ka lura da kalmar kaɗai. Takardar ba laya ba ce. In ka riƙe ta, ka kuma kama aiki na har abada a gida, ka sayar da kome naka a can, ana iya kama ka da sauran shaidu.

Kowane mai kati yana bukatar tasa takardar, watau matarka da yaran nan biyu su ma lissafinsu na tafiya tun ranar da suka fito. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun 1980 aka yanke hukunci cewa in iyaye suka yi watsi da izninsu, yaro ƙarami da ke hannunsu shi ma nasa ya tafi, gama yaro ba shi da mazauni sai na iyayensa. Yaranka can suka buɗe ido, can suka fara karatu. Shawarar da za ka yanke ba taka ce kai kaɗai ba, ya kamata ka zaunar da uwarsu, su ma ka ji ta bakinsu tun da ya ke sun yi wayo.

In kuwa ƙaddara ta sa shekara ta cika maka a gida ba takardar izni, sauran hanya guda, ita ce bizar mazauni mai komowa, wadda su ke kira SB-1. A Nijeriya ƙaramin ofishin jakadancinsu na Ikko ne ke duba irin wannan. Sai ka tabbatar wa ma'aikacin cewa ka fito da niyyar komawa, kuma abin da ya tsare ka ya fi ƙarfinka. In ya yarda, za ka sake gwajin likita da biyan kuɗi kamar sabon shiga. In bai yarda ba, ba ka da inda za ka kai kuka mai amfani. Kada kuwa ka ce in wannan ya ɓace sai ka nemi wani. Ƙuri'ar da ta kai ka, an cire Nijeriya daga cikinta a 2013 saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shiga. A farkon 2020 aka tsai da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura, aka ɗage a 2021. A 2025 aka sake fitar da sanarwar hana shiga, ta fara da ƙasashe irin su Cadi da Sudan, kafin ƙarshen shekarar ta haɗa da Nijar da Nijeriya. A duk waɗannan an keɓe masu koren kati, ba ta shafe su ba. Ka ga abin da ke aljihunka ya fi yadda ka same shi tsada.

Wani abu kuma da ya kamata kowane mai kati ya sani kafin ya sauka jirgi. In ma'aikacin bakin iyaka ya ga kamar ka yi watsi da zamanka, yana iya miƙo maka fom mai lamba I-407, ya ce ka sa hannu a huta. Fom ɗin nan na mai sallama katinsa da yardar kansa ne. Ba tilas ba ne, ba kuwa laifi ne ka ƙi ba. Ma'aikacin ba shi da ikon ƙwace izninka, alƙalin shige da fice ne kaɗai ke da shi, a gabansa kuwa Gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa, ba kai ba. Sai ka ce cikin ladabi kana son a kai ka gaban alƙali. Ana iya karɓe katin a ba ka shaida ta wucin gadi da ranar zama, amma izninka na nan har a yanke hukunci. Mutum ya kwana a jirgi, ga gajiya, ga Turancin da ke fita ta hanci, ga tsoron mai kaki da muka gada, sai ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Ba a yi wa mutum ɗaya haka ba.

Malam, ka yi mini gafara in ɗan yi maka faɗa, irin na ɗan'uwa. Tun 2017 ka cika shekara 5 da katin nan, watau tun ran nan ƙofar zama ɗan ƙasa ta buɗe maka, in ka yi wata 30 daga cikinsu a ƙasar, ka kuwa yi. Da ka nema ka samu, da yau ba ka rubuto wannan takarda ba, gama ɗan ƙasa ko shekara talatin ya yi a waje ba mai tambayarsa, da yaranka ma sun samu ta dalilinka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan Nijeriya riƙe ƙasa biyu ba. Yanzu tafiyar nan ta taɓa lissafin. Wanda ya wuce wata shida a waje, ana ɗauka zamansa ya yanke sai in ya kawo hujja. Wanda ya cika shekara kuwa ya yanke sarai, sai ya koma ya yi aƙalla shekara 4 da kwana 1 kafin ya nema. Takardar iznin komowa tana tsare kati, amma ba ta tsare wannan lissafi.

Masu karatu da ke da dangi a wasu ƙasashe kada su ɗauki ƙa'idar Amurka su auna tasu, kowane gari da irin mudunsa. Kanada ƙidaya ta ke yi a fili, kwana 730 a cikin ƙasar cikin kowace shekara 5. A Ingila iznin zama marar iyaka ya kan mutu in mutum ya yi fiye da shekara 2 a jere a waje. Katin shekara goma na Faransa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani, shekara 3 a jere ke kashe shi. A Jamus wata 6 ya isa, in ba a nemi ƙarin lokaci ba tun da wuri. 

Ban ce lalle sai ka koma Amurka ba. Mutumin da ya zaɓi ya zauna kusa da mahaifiyarsa, ya karantar da yaran garinsu, ba ni ne zan ce ya yi wauta ba, ni ma a ƙarshe gida na dawo. Abin da ba na so shi ne ka yi ta zubar da kuɗin jirgi na mutum huɗu sau biyu a shekara, kana faɗuwar gaba a kowane zuwa, kana shirya amsoshin da ba gaskiya ba ne, ran nan kuma a karɓe katin duk da haka. Ƙarya ga ma'aikacin iyaka kuwa laifi ne dabam, tana iya rufe maka ƙofar har abada, ko ta ziyara. In zuciyarka ta tsaya kan zaman gida, ka sallama katin da kanka ta hanyar fom ɗin nan da na ambata, a lokacin da ka zaɓa, bayan ka yi shawara da iyalinka. Sai dai ka fara ganin masanin haraji, domin wanda ya riƙe kati cikin shekara 8 daga 15 da suka wuce yana da lissafi na musamman da zai rufe da ofishin harajinsu kafin ya fita, kai kuwa ka wuce takwas.

In kuma ka zaɓi riƙe katin, ka gaya wa makarantar nan su yi maka haƙuri, ko su ba ka aikin wucin gadi mai ranar ƙarewa a rubuce. Kafin ka sayi tikiti ka buɗe fasfo ka duba hatimin ranar da ka iso, ka ƙidaya kwanakin da hannunka, ka kuma duba ranar ƙarewar katunan nan huɗu, gama na 2012 ya kamata a ce an sabunta su a 2022. Da yake ka riga ka wuce kwana 180, ka nemi lauyan shige da fice na can ka yi magana da shi ta waya tun kana gida. Ka sake rubuto mini ta hannun Edita in ji yadda ka yi da ɗakin haya, da yadda jikin tsohuwa ya ke. A gaishe ta.

Wassalam.